TSABTACE FAMFON FESHI DA AJIYE SHI A GIDA

Darasi domin Hakimai da Malamansu

 An shirya wannan darasi ne domin ku karanta, ku fahimta, sa'an nan ku isar da shi ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar ga manoma. Maganar kuwa a kan famfon feshi ta ke, watau wanda manomi ke goyawa a baya ya fesa maganin ƙwari ko na ciyawa a gona da lambu.

A yau da wuya a shiga ƙauye a rasa wannan famfo. Mai hali ya sayi nasa, marar hali ya yi aro ko haya, samari kuwa har sana'a suka mai da shi. Mutane da yawa sun iya feshi, amma kaɗan ne suka kula da abin da ke biye da feshi. To, abin da a ke so kowa ya riƙe daga wannan darasi shi ne, aikin feshi bai ƙare ba sai an wanke famfo, an shanya shi, an rataye shi inda yaro ba ya kaiwa.

1. ASALIN FAMFO DA SASSANSA

A ƙasar Faransa famfon goyo ya fara yaɗuwa. A shekarar 1885 wani masanin tsirrai mai suna Millardet, na jami'ar birnin Bordo, ya bayyana wani haɗi na gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa wanda ke maganin cutar ganyen inabi. Sai maƙera irin su Vermorel suka shiga ƙera famfon da za a goya a fesa shi. Da jan ƙarfe suka riƙa yin tankin, domin haɗin yana cin baƙin ƙarfe. Watau tun ran gini tun ran zane, an san magani yana cin famfon da ya kwana a cikinsa.

Famfunan yanzu galibinsu na roba ne, masu cin lita 16 ko 20. Wajibi ne mai wankewa ya san sassansu, ga su:

Tanki da murfinsa, da rariyar da ke bakin tanki. Famfon kansa, wanda ke matsa ruwa, da hannun da a ke bugawa. Tiyo, da kunamar da a ke dannawa ruwa ya fita, wadda sau da yawa akwai wata 'yar rariya a cikin mariƙinta. Sandar feshi, da bakin da ke ƙarshenta, wanda manoma ke kira nozul. Sai kuma 'yan zobban roba da ke hana yoyo a kowace mahaɗa, da maɗauran kafaɗa.

Duk inda magani ya bi, nan ya ke saura. Wanda ya ɗauraye tanki kaɗai ya bar tiyo da sanda, bai wanke famfo ba.

2. ƁARNA UKU TA RASHIN WANKEWA

Ta farko, lalacewar famfon. Magungunan gari da masu kauri kamar kunu, irin su atrazine, suna kwantawa a gindin tanki, su bushe, su toshe rariya da baki. Paraquat yana cin ƙarfe. Masu ɗauke da mai kuwa suna kumbura zobban roba har su tsage. Famfon da ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu a damina guda.

Ta biyu, lalacewar amfani. Wannan ita ce ta fi shafar masu lambu. A ɗauka manomi ya fesa 2,4-D a gonar shinkafa ko masara da damina. Wannan magani yana ƙyale dangin hatsi, yana kashe tsiro mai faɗin ganye, kuma ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya yi ɓarna. Da kaka ta wuce sai ya sauka fadama, ya ɗauki famfon nan ba wanki, ya zuba maganin tsutsa, ya bi tumatir da shi. Bayan 'yan kwanaki sai ya ga ganye ya murɗe ya tsuke, kara ya lanƙwashe, fure yana zuba. Sai ya ce cuta ce ta sauko, ko iri ne ba kyau, ko kuwa wani ne ya yi masa baki, alhali ɓarawon yana goye a bayansa. Tumatir, da barkono, da kuɓewa, da wake, da auduga duk ba su jure wa 2,4-D. Mutanen wuraren noman rani irin su Kadawa da Kura, da kwarin Haɗeja, da Bakolori, inda shinkafa da kayan lambu ke bin juna, su suka fi bukatar wannan gargaɗi.

Har wa yau akwai wata asara. Laka tana kama glyphosate da paraquat ta kashe ƙarfinsu. Tankin da taɓo ya kwanta a cikinsa yana rage aikin maganin da aka saya da tsada.

Ta uku, wadda ta fi duka, ita ce rai. Famfon da aka jingine a tsakar gida da sauran magani a ciki, tarko ne. Yaro zai danna kunama ya fesa wa ɗan'uwansa a ido. Akuya za ta lashi inda ya ɗiga. Paraquat, wanda ya shiga kasuwa tun 1962, har yau ba shi da makari, kuma kurɓi guda na iya kashe babban mutum.

3. WANKIN KOWACE RANA

A ranar da aka yi feshi a ke wanke famfo, ba a bari sai gobe. A gona a ke yi kuma, ba a gida ba. Ga yadda za a bi:

(a) Tun da fari a auna abin da gona za ta ci, kada a dama fiye da bukata. In ya ragu kaɗan, a ƙarasa shi a kan amfanin da aka dama shi dominsa.

(b) Mai wankewa ya bar kayan kariyarsa a jiki, watau safar hannu ta roba, da takalmin roba, da riga mai dogon hannu, da abin rufe hanci da ido. Yaro ba ya wannan aiki, haka kuma mace mai ciki ko mai goyo.

(c) A danna kunama har iskar da ke matse a ciki ta fita duka, kafin a kwance kowace mahaɗa. In ba haka ba magani zai yi tsartuwa a fuska.

(d) A zuba ruwa mai tsabta kamar lita 2, a rufe, a jijjiga sosai har ya taɓa ko'ina, a buga hannu, a fesa shi ya fita ta baki. A yi haka sau uku. A na farko ana iya sa ɗan garin sabulu.

(e) Ruwan wankin a fesa shi a gefen gonar da aka yi wa feshi, a baza shi, kada a tara shi wuri ɗaya.

(f) A cire rariyoyi da baki, a wanke su a wani bokiti na musamman wanda ba a komi da shi sai wannan. A goge bayan tanki da maɗaurai, domin su ke manne da fatar mutum.

(g) Daga nan sai mutum ya wanke safar hannunsa kafin ya cire ta, ya yi wanka da sabulu, kafin ya ci abinci ko goro ko ya sha taba. Tufafin feshi a wanke su dabam, kada a haɗa da na iyali.

Abin da aka hana ƙwarai shi ne tsoma famfo a rafi, ko kududdufi, ko hanyar ruwan ban-ruwa, ko wanke shi a bakin rijiya. A ɗebo ruwa a kai nesa, kamar mita 30 ko fiye, kuma a wurin da gangara ba za ta komo da shi ba. Gugan rijiya kada ya taɓa tanki. Yawancin magungunan tsutsa, irin su cypermethrin, suna kashe kifi ko da kaɗan ne suka shiga ruwa. Kwatar gida ma ba wurin zubarwa ba ce, gama a nan kaji da agwagi ke sha.

4. ME YA SA SAU UKU?

Lalle wani zai tambaya, ya ce me zai hana a cika ruwa sau ɗaya a huta? Ga lissafin da Malami zai nuna masa.

A ɗauka duk sa'ad da aka juye famfo, kashi ɗaya cikin goma na lita yana saura a gindi da cikin tiyo. Mutum yana da ruwa lita 6. In ya zuba shi duka gaba ɗaya, ƙarfin maganin da ya saura ya koma kashi ɗaya cikin 61. Amma in ya raba shi uku, lita bibbiyu, kowace ɗauraya tana mai da shi kashi ɗaya cikin 21. Sau uku ke nan, 21 sau 21 sau 21, watau kashi ɗaya cikin 9,261. Ruwan ɗaya ne, amma tsabtar ta ninka fiye da sau ɗari da hamsin. Saboda haka ko a inda ruwa ke wuya, ba wanda ke da hujjar barin wannan ƙa'ida.

5. WANKI NA MUSAMMAN BAYAN MAGANIN CIYAWA

Ɗauraya uku ta isa in za a ci gaba da irin maganin a kan irin amfanin. Amma in za a tashi daga maganin ciyawa a koma feshin lambu, sai an ƙara da wannan.

A fara duba takardar da ke jikin kwalbar magani, domin a can a kan rubuta abin da ya dace a wanke da shi. Ga glyphosate da paraquat, ruwa da garin sabulu sun isa. 2,4-D kuwa yana shiga cikin robar tiyo ya laɓe, sa'an nan ya riƙa fitowa daga baya. Dominsa a kan yi amfani da ruwan amoniya irin na wanke-wanken gida, kashi ɗaya cikin ɗari na ruwa. A cika tanki, a buga har ya shiga tiyo da sanda, a bar shi ya kwana, da safe a fesar, a sake ɗauraya da ruwa mai tsabta.

Gargaɗi: kada a kuskura a haɗa amoniya da ruwan bilic mai sa tufafi fari. Haɗuwarsu tana ta da hayaƙi mai guba wanda ke ƙona huhu. Kada kuma a wanke famfo da fetur ko kananzir, domin suna lalata roba.

Wanda ke shakka, ya yi gwaji. Ya zuba ruwa zalla, ya fesa wa gindin tumatir biyu ko uku, ya jira kamar mako guda. In ganye bai murɗe ba, to, ya shiga lambu.

Abin da ya fi duka kuwa shi ne famfo biyu, ɗaya na ciyawa, ɗaya na ƙwari da cututtuka. A shafa wa na ciyawa jan fenti, domin ko wanda bai iya karatu ba ya gane shi. In mutum ɗaya ba shi da halin biyu, maƙwabta ko ƙungiyar manoma su haɗa kai su yi haka. Mai aro kuma ya tambayi mai famfo abin da aka fesa na ƙarshe, sa'an nan duk da haka ya wanke kafin ya yi aiki da shi.

6. KULA DA BAKI

Baki shi ne mafi ƙanƙanta a famfo, amma shi ke raba magani daidai. Mai feshi a baje kamar mafici na maganin ciyawa ne, mai feshi a zagaye kamar mazurari na ƙwari ne.

In ya toshe, abubuwa biyu manoma suka saba yi, duka biyun kuskure ne. Na ɗaya, su sa a baki su hura, guba ke nan kai tsaye. Na biyu, su soka allura ko waya ko ƙaya, ramin ya buɗe, famfo ya riƙa zubar da magani fiye da ƙima. Abin yi shi ne a jiƙa shi a ruwan sabulu, a goge da tsohon buroshin haƙori wanda aka keɓe domin wannan. Ya kyautu manomi ya riƙa tafiya gona da wani baki a ajiye.

Baki yana cinyewa da aiki, na tagulla ya fi saurin ci. Ga yadda a ke ganewa. A zuba ruwa zalla, a fesa cikin mazubi mai awo minti ɗaya, a kwatanta da abin da sabo ke bayarwa da irin wannan bugu. In ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin goma, a sake shi.

7. AJIYA A GIDA

Bayan wanki sai a buɗe murfi, a kife tanki a inuwa, a ɗaga tiyo ruwa ya tsiyaye, a bar shi ya bushe sarai. Kada a shanya a rana, domin zafin rana yana cin roba, ta yi fari ta tsattsage.

Wurin ajiya ya zama ɗaki ko akurki mai kulle, mai inuwa, wanda iska ke ratsawa. A rataye famfo a sama, murfi a sassauce, tiyo ba a karye ba. Wuraren da aka hana su ne rumbu, da ɗakin girki, da ɗakin kwana, da kusa da randa, da inda a ke ajiye dusa ko harawa.

In ajiyar ƙarshen shekara ce, a ƙara da waɗannan. A kwance mahaɗai a duba zobban roba, wanda ya tsage a sake shi tun yanzu, kada a jira ranar bukata. A shafa ɗan giris a mahaɗan ƙarfe na hannu. Zobban roba kuwa sai irin man da takardar famfon ta ambata. A sa baki da rariyoyi cikin ɗan gwangwani a ɗaure a jikin famfon. A toshe ƙarshen sanda da tsumma, domin zanzaro yana son irin wannan rami ya gina ɗakinsa na laka. A lulluɓe famfon da buhu mai tsabta saboda ƙurar hunturu. A riƙa leƙawa saboda ɓera mai cin tiyo da gara mai cin maɗauri.

Famfo mai batir kada a tsoma shi a ruwa, kada kuma ruwa ya shiga ɗakin batir. A cika shi da caji kafin ajiya, a riƙa sabunta cajin kamar wata-wata, domin batirin da ya daɗe a mace ba ya sāke ɗaukar wuta sosai. Mai amfani da batirin tocila kuwa a cire masa su, kada su fashe a ciki.

Kafin a fara aiki a sabuwar shekara, a gwada famfo da ruwa zalla. Yoyon da aka gani da ruwa ya fi wanda aka ji a gadon baya da magani.

8. KWALABE DA SAURAN MAGANI

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da abinci da lafiya sun tsara a riƙa sa zane mai launi a gindin takardar kowane magani. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kore ma guba ne, ba abin wasa ba. A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa waɗannan magunguna rajista. A duba lambarta kafin a saya.

Magani ya zauna a kwalbarsa ta asali da takardarta, a kulle. Kada a juye shi a kwalbar lemo ko gorar ruwa, domin ta haka yara da manya kan sha shi bisa kuskure. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku tun lokacin damawa, a zuba ruwan a tanki, sa'an nan a huda gindinta. Jarkar magani ba ta zama ta manja, ko ta nono, ko buta, ko da an wanke ta sau ɗari. Kada a ƙona ta a cikin gida. A tara su a buhu a wurin kulle, a nemi shawarar Malamin Gona a kan inda za a kai su.

9. IN TSAUTSAYI YA AUKU

Alamun gubar wasu magungunan ƙwari, irin su dichlorvos, su ne ciwon kai, da jiri, da zufa mai yawa, da dalalar miyau, da amai, da rawar jiki, da tsukewar ƙwayar ido. A cire wa mutum tufafinsa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. In ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. In sha ya yi, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja, domin mai yana taimakon wasu magunguna su shiga jiki. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, don likita ya san irin gubar. Wanda ya haɗiyi paraquat a kai shi nan da nan ko da ya ce lafiya ya ke ji, gama ɓarnarsa ga huhu sai bayan kwanaki ta ke bayyana.

10. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Manomi ya fi jin maganar da ta fito daga bakin shugabansa. Saboda haka ana roƙon Hakimai su yi waɗannan:

Na ɗaya, su sa a karanta wannan darasi a taron dagatai sau biyu a shekara, watau gab da faɗuwar damina, da kuma bayan kaka kafin a sauka fadama.

Na biyu, su sa sanƙira ya yi shela ran kasuwa, a kuma roƙi limamai su tuna wa jama'a, cewa ba a wanke famfo a rijiya, ko rafi, ko mashayar dabbobi.

Na uku, Malamin Hakimi ya buɗe littafi ya rubuta masu ba da hayar famfo da masu feshin kwangila na kowane ƙauye, a tara su gaban Malamin Gona ya nuna musu wankin nan da hannunsa. Gani ya kori ji.

Na huɗu, in aka kawo ƙara a kan amfanin da ya ƙone bayan feshi, kafin a zargi kowa a fara tambaya: wane famfo aka yi aiki da shi, me aka fesa da shi na ƙarshe, wa ya wanke shi? Sau da yawa a nan za a sami bakin zaren, zumunci kuma ya tsira.

Na biyar, duk wanda guba ta taɓa, mutum ko dabba, a rubuta rana da wuri da sunan magani, a aika wa ƙaramar hukuma.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne sassa ne magani ke saura a cikinsu ban da tanki?
2. Don me ɗauraya uku da ruwa kaɗan ta fi ɗauraya ɗaya da ruwa mai yawa?
3. Waɗanne alamu ke nuna 2,4-D ya taɓa tumatir?
4. Faɗi wurare biyar da ba a ajiye famfo a cikinsu.
5. Me za a yi, me kuma ba za a yi ba, ga wanda ya sha maganin ƙwari?

Wankin nan duka bai wuce aikin rubu'in sa'a ba. Wanda ya yi shi ya tsare famfonsa, da lambunsa, da rijiyar unguwa, da 'ya'yansa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da tsautsayi, amin.

Haza wasalam.